Duan Mai Awara da Akwatin Gawarsa

Duan Shoutian mai awara ne a ƙauyen da ke gabas da kogi, gwauro, ba ɗa ba jika. Yana da shekara sittin da biyu tari ya kama shi. Mai magani ya taɓa jijiyar hannunsa, ya ce ba zai ga girbin shinkafa ba. Duan bai yi gardama ba. Ya haye gada wurin Pu kafinta, ya sa aka yi masa akwatin gawa na katako mai ƙamshi, baƙin fenti shafi bakwai.

Ranar da ya je ɗauko shi, ranar ce sojojin Japan suka gangaro daga duwatsun yamma. Hanya ta cika da masu gudu, shi kuma yana tsakiyarsu yana tura akwatinsa a amalanke. A bakin gada wani sojan ƙasarsu ya tare shi, ya ce mutane kawai za su wuce, ban da kaya. Duan ya ce ai wannan ba kaya ba ne, gidansa ne. Sojan ya leƙa, ya ce da akwai gawa a ciki da sai a duba. Duan ya fara cire takalmi zai shiga. Sojan ya ce ya rufa masa asiri, ya je ƙetare ya nemi izinin Saje Tang.

Ya bar amalanken ya haye. Ya tarar da sajen a durƙushe yana haɗa wayar nakiya, ya tsaya a kansa yana ba shi tarihin tarin tun daga farko. Bai kai rabi ba sojan ƙarshe ya hayo a guje.

"Baba, toshe kunnenka," in ji sajen.

Gadar ta tashi sama, ta zube a ruwa. Motocin yaƙin abokan gaba suka tsaya cirko-cirko a wancan gefe, dab da akwatin.

Shekara biyu rundunonin nan suna harar juna ta kan kogi. Kullum da hantsi Duan kan kai wa masu gadi awara mai zafi, su ara masa madubin hangen nesa. Da farko shinkafa aka zuba a akwatin. Daga baya ya hango wani hafsa mai tumbi yana wanka a ciki. Ya yi ta ɗura masa zagi har muryarsa ta dushe, ƙarar ruwa ta shanye duka. Mai magani ya zo sau biyu yana cewa bisa ƙa'ida ya kamata a ce ya mutu. Duan ya tambaye shi, ya mutu a sa shi a cikin me. Tarin ma ya gaji ya tafi.

Da aka kori Japan, shi ne ya shiga kwalekwalen farko. Ya sami akwatin a tsakar gidan wata bazawara, Lei Guilan, kaza tana kwanci a ciki. Ta ce ta yarda nasa ne, amma sai an ƙyanƙyashe.

"Tsoho, sauri kake yi?"

Ya yi tunani, ya ce a'a. Kafin sati uku ya gyara mata rufin ɗaki, wata kazar kuma ta riga ta shige. A kaza ta uku ya koma ya ɗauko dutsen niƙansa.

Sun yi shekara goma sha tara tare. Guilan ce ta riga shi rasuwa. Da hannunsa ya kwashe ƙwai, ya wanke akwatin ya sa ta a ciki, ya ce ta fi shi sabo da shi. Bayan kwana bakwai ya jiƙa waken suya, ya ci gaba da sana'arsa har shekara shida.