Ɗorin da Aka Yi wa Kafaɗar da Ba Ta Karye Ba

Assalamu alaikum. Wata goma sha ɗaya rabona da rubuta ko harafi a nan. Masu tambaya ko Lawal mai nama ya mutu, bai mutu ba. Kafaɗa ce ta zaunar da ni.

Ga wanda bai san ni ba, mahauci ne ni a wata kasuwa cikin ƙasar Safana. Teburin da nake sayar da nama na mahaifinmu ne. Ni ya bar wa da bakinsa, don ni na tsaya da shi a rumfa shekarun da yayana Sale yake kudu. Da teburin nan nake ciyar da gidana.

Ranar kasuwa abin ya fara. Na ɗaga cinyar sa zan rataya, sai na ji wani abu ya tsarga mani a kafaɗar dama. Na share, na ci gaba da sara. Bayan sati uku ko riga sai matata Hajara ta taimaka mani nake sawa. Kwanciya bisa wannan ɓarin kuwa ta gagara.

Ga inda na cuci kaina. Na ce ni da nake raba gaɓa da gaɓa tun ina ƙarami, wa zai koya mani kafaɗa? Gocewa ce kawai.

Yaya Sale ya ce, "To ai sai ɗori. Tashi in kai ka wajen tsohon nan na gefen Ruma. Teburi kuwa ka bar mani, ni zan riƙe maka."

Tsohon ya ja hannun har na ga duhu. Ya shafa magani, ya ɗaure mani shi a ƙirji, ya ce kwana arba'in, kuma wanda ya ɗaura shi ke kwancewa. Kun san yadda abin yake a wajenmu. Ka kwance ɗorin dattijo ka tafi asibiti, ka zage shi ke nan har zuriyarsa.

Hajara ta ce, "Baban Nana, hannun nan fa ramewa yake."

Na ce ta yi mani shiru. Allah ya ba ta haƙuri.

Ranar kwancewa hannu ya ƙi tashi. Ko a kabbara ban iya ɗaga shi ba. Tsohon ya duba, ya ce akwai hannun mutane a ciki, sai an sake ɗaurewa. Nan tsoro ya kama ni sosai. Mahauci mai hannu ɗaya me zai yi a kasuwa?

Hajara ta sayar da tumakinta biyu, muka tafi wani asibiti a Katsina. Hoton ƙashi ya fito fes, babu karaya, babu gocewa. Aka yi sikanin, aka tura ni sashen gashin ƙashi.

Likitar da na samu mace ce, ba za ta girmi ƙanwata ba. Ta ce, "Malam Lawal, tunda mahauci ne kai, ka san farar jijiyar da ke riƙe tsoka da ƙashi. Ita ce ta kumbura ta ɗan tsage. Ɗaurin ne ya sandarar da gaɓar. Da ka zo tun farko, da ba mu daɗe ba."

Jijiyar da nake yankewa in jefar kullum, ita na kasa ganewa a jikina. Wallahi na ji kunya.

Sau biyu a sati nake zuwa. A ɗora mani abu mai ɗumi, sannan ta kama hannun tana lanƙwasawa a hankali har hawaye su zubo mani, ni ƙato. A gida kuma in duƙa in saki hannun yana lilo kamar guga a rijiya. In hau bango da yatsu. In ja wata roba da ta ba ni, safe da yamma. Kuɗin mota ya fi kuɗin gashin, hanyar Batsari kuwa kun san da wace addu'a ake shiga ta. Babur ɗina ma a nan ya tafi.

Wata na farko ban ga komai ba, har na ce zan bari. Likitar ta ce, "Ja layi a bango inda yatsanka ya tsaya yau." Bayan sati biyu na wuce layin da kamu guda.

Wata shida muka yi. Ta ce in koma aiki, amma in fara da yanka, sara sai daga baya, kuma kada in bar robar.

Na koma kasuwa da wuƙaƙena a washe. Yaya Sale ya tarbe ni da fara'a, ya ba ni kujera, amma bai matsa daga bayan teburin ba. Na kai magana gaban dattawan rumfa. Suka ce, "Lawal, shi ne babba, kuma masu saye sun saba da shi. A yi zumunci." Suka ba ni lungu kusa da inda ake wanke kayan ciki.

Ban ce da gangan ya kai ni ɗori ba. Allah ne masani. Amma raina ya ɓaci, kuma har yau bai gyaru ba.

Na gode wa Allah. Na gode wa Hajara da na ƙi jin maganarta, da likitar da ba ta gaji da ni ba.

'Yan'uwa masu aikin ɗaga hannu, in kafaɗa ta kwana biyu tana ciwo, a je a yi hoto kafin a yarda a ɗaure. Ɗori na karaya ne. Gashi yana da ciwo, yana da jinkiri, kada a bari a tsakiya. In kuma za ka ba wani riƙon wurin sana'arka, ko ciki ɗaya kuka fito, ka kira shaidu.

Ranar kasuwar da ta wuce wata tsohuwa da ta shekara ashirin tana sayen nama a hannuna ta tsaya gabana. Ba ta gane ni ba. Ta ce, "Ɗan nan, ina teburin Sale?"

Na ɗaga hannun dama, ya tashi lafiya lau, na nuna mata.