Tsirkiya Shida a Sake: Ta'aziyyar Lopaka Nahale

Mai rai ya karɓi abinsa, mu kuwa ba mu da ta cewa. Ranar Talata, goma sha ɗaya ga watan Maris, da hantsi, ana yayyafin nan na garinmu Hilo da ba ya gajiya, matarka Ululani ta kira ni ta ce, "Palani, abokinka ya tafi." Na ce ya tafi ina, don na san ba ka zaman shago sai ka ga dama. A kan kujerarka aka same ka, guntun ƙarfen kiɗa yana aljihunka. Shekararka saba'in da tara.

Lopaka, shekara hamsin ka yi kana saye da sayar da tsofaffin jitocin cinya, waɗanda ake kwantarwa a goga musu ƙarfe su yi kuka kamar mutum. Ban taɓa ganin ɗan kasuwa mai korar masu saye irinka ba. Ina zaune wani baƙo ya zo da kuɗi a hannu, yana neman wadda zai rataye a bangon falonsa. Ka dube shi ka ce, "Ranka ya daɗe, agogo kake nema, shagon yana gaba." Amma in matar da mijinta ya rasu ta shigo da jitarsa a rungume, sai ka zaunar da ita, ka gaya mata ainihin darajar abin, har ka faɗa mata wanda zai fi ka biya.

Ni ma haka na zo maka, shekara arba'in da shida ke nan. Babana ya rasu farat ɗaya, ni kuwa lokacin ba abin da ke kaina sai teku da injin kwalekwale. Na kawo maka jitarsa, ka ba ni dala arba'in. Kowane gida da ɗaurin tsirkiyarsa, wato yadda ake murɗa kunnuwan jita ta ba da muryar gidan, kuma ba a rubutawa, ba a nuna wa bare. Tsoho in ya gama kiɗa sai ya sassauta kunnuwan jitar kafin ya ajiye, kada wani ya taɓa ya ɗauke. Babana bai samu sukunin sassautawa ba. Ka buɗe akwatin, ka ja yatsa a kan tsirkiyoyin sau ɗaya, ka ɗago ka ce, "Kai, ka san abin da ka kawo kuwa?" Na ce katako ne da waya. Ka ce, "Allah ya shirye ka, masunci."

Ba ka taɓa sayar da ita ba. Ita kake ɗauka zuwa biki da jana'iza, ka juya wa mutane baya ka ɗaure ta, ka juyo sai in ji muryar babana tana fitowa daga cinyarka. Sau nawa na so in ce ka koya mini? Kunya ta hana. Wanda ya sayar da gadonsa ya sayi farfelar kwalekwale, da wane baki zai tambaya?

Sai da jikata Mahina ta girma, ta zama mai kiɗa a cocinmu, ta ce tana son ɗaurin gidansu, sannan na tako a watan jiya. Na ce nawa za ka sayar mini. Ka ce, "Arba'in." Na ce, "Arba'in ɗin me? Yanzu ko tsirkiyar ba ta sayuwa haka." Ka ce, "To ajiya ka ba ni, tsohon banza, ba ka sani ba ne. Kawo kuɗina." Muna cikin haka wasu samari biyu suka shigo suna leƙe-leƙe. Hannunka ya tafi kan kunnuwan da kansa, ka sassauta duk shidan, ka rufe akwati. Ka rage murya ka ce, "Ka zo da yarinyar ranar Asabar, in ɗaure mata a gabanta. Ka taho da busasshen kifi, Ululani za ta kawo poi, tuwon gwazan nan namu."

Asabar ta farko ciwon gwiwata ya tashi. Ta biyu aka ce kifi ya shigo gaɓa. Ta uku na ce ai Lopaka yana nan, ina za shi? Ba ka kai ta huɗu ba.

Na tambayi Ululani ko ka bar wata takarda. Ta yi dariya da hawaye ta ce, "Shi? Ni da na aure shi ma baya yake juya mini." Na ba ta arba'in ɗin, na kawo jitar gida. Mahina ta kwantar da ita a cinyarta, tana murɗawa tana dubana: "Kaka, haka ne?" In ce a'a. "To haka?" In ce ya kusa, amma ba shi ba ne. Na san muryar in na ji ta, ban san hanyar zuwa gare ta ba. Jiya ta ɗaure ta da ɗaurin da kowa ya sani, ta kaɗa mini waƙar coci. Ta yi daɗi. Na roƙe ta ta sassauta.

Ba laifinka ba ne, abokina. Ka riƙe amana shekara arba'in da shida, ni na kasa riƙe Asabar ɗaya.

Allah ya jiƙanka, Lopaka, ya yafe maka kurakuranka, ya saka maka da alherin da ka yi wa matan da suka shigo shagonka suna kuka. Ina miƙa ta'aziyyata ga Ululani, da 'ya'yanku, da duk mai jitar da ta bi ta hannunka. Allah ya ba ku haƙuri. In ka haɗu da babana, ka gaya masa jitarsa ta dawo gida, sai dai ba ta magana.

Palani Kekaula
Hilo