Katin Shanun Zandam

Har gobe ina ganin ranar nan a idona, ranar da kwamfuta ta ƙi karɓar shanun Zandam. Zamanin kuɗin mai ne, ina mataimakin jami'in ƙididdiga a ofishin raya karkara na Birnin Kudu. Injin kuwa yana Kano. Umarninsa a jikin kati ake hudawa, layi ɗaya kati ɗaya, in zuba a kwali in kai.

Aikin shi ne a fitar da ƙauyukan Gwaram da za a haƙa wa rijiyar burtsatse kafin damina ta kori masu haƙa. Zandam ba ta da yawan jama'a, sai an haɗa da shanu take shiga jerin. Can kuma innata take, tana jan guga da hannun da ya riga ya gaji.

Ɗakin injin sanyi ƙalau, ga wani gunji ƙasa-ƙasa mai sa gyangyaɗi. Ina zaune har na soma ganin ruwa na malala a ƙofar gidanmu, Inna tana wanke ƙafa ba awo. Sai Hajiya Talatu, mai kula da injin, ta ƙwanƙwasa tebur.

"Malam Habu, dawo duniya. Kamfaila ya ƙi."

Kamfaila shi ne ke juya rubutunmu zuwa yaren injin, kuskure ɗaya ya mayar maka da kayanka.

Ta bi katunan har ta gano. Maigidana Malam Isyaku, wanda ya tsara aikin, ya rubuta cewa idan gari yana da shanu, to a keɓe gurbin zuba adadinsu. Ya cusa sanarwar gurbin cikin sharaɗin.

Na ce, "Ai da gaskiyarsa, Hajiya. Wa ke kafa turke ba saniya?"

"Wannan ba ya jin haka. Duk gurbin da kake so, a sama za ka faɗa, kafin kowane sharaɗi."

Ta zare katin ta mayar da shi sama. Injin ya haɗiye, Zandam ta fito. Wallahi sai da na yi ƙwalla.

Ku yaran yanzu, tun daga ranar nake keɓe wa kowa gurbinsa tun farko, ya zo ko kar ya zo. Da na ba Inna labarin a bakin sabuwar rijiya, ta ce injin nan ɗan gidan mutunci ne, su ma ba sa jiran sallamar baƙo kafin su ƙara tsaba. Damina ɗaya Inna ta sha ruwan, Allah Ya karɓi abarsa.