Kawu da Gwaggo Sun Binciki Jarumin Katun

A shekarar da muka koma unguwar Zariya ne maigidana ya dawo daga kasuwa da wani katun a wayarsa. Jarumin ciki saurayi ne mai hula da koriyar alkyabba, in ya yi bisimilla sai ya ɗaga babbar mota da hannu guda. Yana da ƙanwa mai hijabi, tana tashi sama kamar shirwa. Muka haɗa wayar da tele muna hamdala, yau dai yaranmu biyu sun samu abin kallo na Musulunci.

Ba a yi nisa ba Kawu, yayan mahaifiyata, ya zo daga Tibiri gaishe mu. Ya tarar da ɗana ya ɗaura sallayata a wuya, yana rafka bisimilla yana kokawar ɗaga turmi. Kawu bai ko sha ruwa ba ya ce a kashe tele.

"Wannan izgili ne," in ji shi. "Ana koya wa yara cewa sunan Allah laya ce ta ɗaga mota."

Washegari sai ga Gwaggo, yayar surukina, wadda ta yi ritaya tana daraktar lakwal, wato shugabar makarantar boko. Na kai mata ƙarar Kawu ina sa ran samun mai goyon baya. Ashe ita ma tana da nata tsoron.

"Wa ya zana shi? Da kuɗin wa? Wa'azi ne aka shafa wa zuma ake ɗura wa yara, ba ki ma san aƙidar wa ake ɗura masu ba."

Shi yana ganin an raina addini, ita tana ganin addinin ya yi yawa. Tunda nake ban taɓa jin sun yarda da juna a kan komai ba sai ranar. Suka ce kada yaro ya sake kallo sai manya sun bincika. Tun da da Faransanci ake magana a ciki, Gwaggo za ta fassara, Kawu kuma ya auna Larabcin.

Duk Asabar bayan la'asar Kawu zai sauka daga kabu-kabu da carbinsa, Gwaggo ta iso da tabarau. A kori yara tsakar gida, ni kuma in kawo fura.

Zaman farko bai yi daɗi ba. Da jarumin ya tsaya salla, Kawu ya ce in tsayar da hoton, ya matsa har hancinsa na taɓa gilashi, yana so ya ga ko ƙablu yake yi ko sadalu, wato ko ya kama hannu a ƙirji ko ya sake. Masu zanen kuwa sun san mu sarai, daga kafaɗa zuwa sama kawai suka nuna shi.

"Kin gani? Ɓoyewa suke," in ji Kawu.

"Na faɗa maka, Malam," in ji Gwaggo.

Sannu a hankali tsayar da hoto ya ragu. Wata Asabar na ji Gwaggo tana fassara maganar mugun labarin, wani attajiri mai sace ruwan gari, har da kwaikwayon muryarsa. Kawu, wanda ke da ɗan lambu a Jiratawa kuma ya san zafin a tare wa mutum ruwa, ya ce, "Allah wadan wannan mutum." Da wuta ta ɗauke a tsakiyar wani faɗa, shi ne ya fara tambaya ko wayar tana da caji.

Sai ranar da jarumin ya rutsa mugun a kan gada. Ya riƙe shi a wuya, saura ƙiris, sai aka ji kiran salla daga nesa. Jarumin ya sake shi, ya juya neman ruwan alwala, mugun ya ranta a na kare.

Kawu ya miƙe tsaye, carbi ya faɗi ƙasa.

"Kai, ɗaure shi tukuna mana! Ai lokaci bai fita ba!"

Gwaggo ta dube shi ta saman tabarau. Ya sunkuya ya ɗauki carbinsa, ya gyara murya, ya ce yana nufin a fiƙihu akwai sassauci ga mai lalura. Ni dai na fita duba tukunyar da ban ɗora ba.

Sai da katun ɗin ya ƙare kaf suka yanke hukunci. Gwaggo ta ce wa'azin yana nan, amma bai fi wanda take yi wa jikokinta ba. Kawu ya ce babu laifi, da sharaɗin babba ya zauna tare da yara yana gyara masu kuskure, kuma ya nuna a shirye yake ya ɗauki wannan wahala.

Na kira yaran na yi masu albishir. Ɗana yana riƙe da ƙwallo, ƙafarsa ɗaya a bakin ƙofa. Ya ce ai sun daɗe da kallonsa a gidan maƙwabta, har da kashi na biyu.

"Akwai na biyu?" in ji Kawu.

Gwaggo ta jawo 'yata, ta tambaye ta a hankali me ta koya a ciki. Yarinyar ta yi tunani sosai, sannan ta ce wata akuya da mugun yake da ita ta fi kowa ban dariya, ita take so a saya mata.

Da zai tafi, na raka Kawu bakin titi. Ya tsayar da kabu-kabu, ya hau, sannan ya miƙo mani wayarsa ba tare da ya dube ni ba.

"Ki aika gidan maƙwabtan nan a sa mani na biyun," ya ce. "Bai kamata a bar bincike rabi da rabi ba."