Kukan da aka yaba

Ɗiyata ta fari ta rasu a kan amalanke, tsakanin Gangara da Gazawa, da jariri a cikinta. Ban yi kuka ba. Mu jikokin Fulani ne, ko da yake shanu sun ƙare tun zamanin kakanni, kunya ce kawai ta rage mana. A gidanmu uwa ba ta kiran sunan ɗan fari, ba ta yi masa kuka a gaban mutane. Masu gaisuwa suka cika gida, ni kuwa ina rarraba fura kamar ɗiyar maƙwabta ce ta mutu. Aka yi ta yabon haƙurina, yabon yana ci mini rai.

Bayan takabar mijina, wanda bai daɗe ba ya bi ta, na koma Agiye wurin ƙanena, ina tuyar ƙosai a bakin likita, wato asibitin garin. A nan wata ungozoma mai koyar da ɗaliban aikin jinya ta same ni. Madam ake ce mata. Tana neman wadda za ta riƙa yin ciwon ƙarya, yara su koyi tambaya da duba majinyaci. Na yarda. Na yi ciwon ciki, na yi jiri, na yi tarin da ya fi na gaske. Ashe ina da baiwar da ban sani ba, tsofai-tsofai da ni.

Wata rana Madam ta ce yau ba ciwo za a yi ba. Ni uwa ce, ɗiyata ta rasu wurin haihuwa, ɗalibai za su shigo ɗaya bayan ɗaya su koyi faɗa mini. Ba ta san labarina ba, ni ma ban ba ta ba.

Na farko ya shigo, ya faɗa a tsaye kamar mai sanarwa a tasha. Na ce, “Allah ya jiƙanta,” na gyara gyale. Na biyu ma haka.

Madam ta ɓata rai. “Inna, ba haka ba. Ki yi kuka mana! In ba su saba da kuka nan ba, ina za su saba?”

Na ce, “Mu ba mu yi, Madam.”

Ta uku wata yarinya ce siririya, 'yar Cadawa. Ta jawo kujera ta zauna dab da ni. An koya musu su ambaci mamaci da sunansa, ita kuwa ba a ba ta suna ba.

Ta ce, “Inna, mi sunan ɗiyar taki?”

Da na so da na ƙirƙiro wani, ai sunaye ba su yi tsada ba. Sai na ji bakina ya faɗi na gasken, sunan da tun ranar da aka raɗa shi ban taɓa furtawa ba. Kuka ya ƙwace mini. Na zame daga kujera, ina kiranta ina ƙari, yarinyar ta riƙe ni ita ma tana hawaye.

Madam ta tafa. “To, haka nike so! Ki yi ma na gaba daidai wannan.”

Na yi masa, na yi wa duk waɗanda suka rage. Kowane mako in aka zo wannan darasi nakan yi wanka, in ɗaura zanena mai kyau, in tafi da wuri. Ban ji haushin tafin ba. A duniya nan ne kaɗai aka ba ni izini, kuma ina tsoron ranar da za a karɓe shi.

Da aka fara yankan gero ɗaliban suka gama, suka koma Maradi. Madam ta zo har bakin kaskona ta yi godiya, ta ce baɗi darasin ya canja, ciwon suga za a yi. Na ce Allah ya kai mu. Na juya ƙosai, na tambayi mai saye ko a sa masa yaji.