Man Shanu a Kafaɗar Angona

Jikana na fari, wanda nake kira angona, cutar shan inna ta taɓa masa ƙafafu tun yana rarrafe. Da sanduna biyu ya girma, yana dogara su daga Tudun Ƙofa har kasuwa. Amma ku saka shi a ruwa ku ga ikon Allah, tarwaɗa ma sai ta ba shi hanya. Ni ya gado. Da ƙuruciya babu yarinyar da ke riga ni haye rafi, duk abin da ƙannena za su gaya muku.

Da ya zama saurayi, wani koci ya ɗauke shi, suna atisaye a wurin iyo na wani otal a nan Keffi. Ana shirin gasar masu naƙasa a Abuja sai kafaɗarsa ta dama ta soma ciwo. Likita ya ce ya huta, koci ya ce ya huta, har da ba shi wata roba ya riƙa ja a hankali. Angona ya ce to. Koci na juya baya sai ya sulale otal. Da safe kuma kofin koko ya gagare shi ɗagawa.

Na ce, “Ango, kafaɗar nan fa ita ce ƙafarka. In ta lalace, ba iyo kaɗai ba, ko banɗaki sai an ɗauke ka.”

Ya ce, “Tsohuwa, tsoro kike in yi suna 'yan matan Abuja su ƙwace ni.”

“Su ƙwace mana! Wa ke son miji mai hannu ɗaya kamar buta?”

Ya yi dariya, ya ɗauki sandunansa ya fice.

To shi da bakinsa ya taɓa gaya mini maigadin otal ba ya barin mai maiƙo a jiki ya shiga ruwan. A gidanmu kuwa ba a ƙi in kaka ta ce za ta gasa ciwo, ko ubansa bai isa ba. Na tare Bafulatanar da ke kawo mana nono, na ce man shanu nake so, tsoho, wanda ya ji kwana. Na kirɓa masa tafarnuwa, na ɗan gutsura daddawa, don albarka.

Kullum da hantsi, sai ubansa na tsakar gida nake kiransa. Ya zauna yana zare ido, in gasa kafaɗar da ruwan ɗumi, in mulke shi har wuya. Ya shiga wanka, ni kuma in bi kan sandunan da wandon iyon in shafe.

Ranar farko ya dawo fuska a murtuke. Wai tun daga ƙofa maigadi ya toshe hanci ya ce, “Oga, miyar kuka ka zo kaɗa mana? Abeg, koma gida.” Ya sake sabulu, ya sake soso, a banza. Dole ya zauna gindin mangwaro yana jan robarsa yana hararata, ni ina tsinke zogale ina yi masa waƙar ango.

Kafin ƙwaryar man ta ƙare, hannu ya koma ɗaguwa har sama. Koci ya duba, ya ce a koma ruwa sannu sannu. Sai na wanke wandon da toka.

Ya je Abuja. Bai zo na ɗaya ba, lambar tagulla ya samo, amma a kan sandunansa ya shigo gida, kafaɗu biyu garau. Ya rataya mini lambar a wuya ya ce, “Ga sadakinki, muguwar tsohuwa.”

Na shinshina igiyar. Wallahi har yanzu da sauran daddawa.