Marlys da Zanen da Ba Ya Isa Gaɓa

A asibitin wankin ƙoda na garinmu Duluth, Marlys Tikkanen ce ke tarbar mu a bakin ƙofa. Mace ce mai furfura, mai sanyin murya, ta san wanda ke son bargo biyu da wanda ba ya son magana kafin allura. Allon kwamfutar teburinta yana fuskantar kujerunmu. In an jima ba a taɓa ta ba, sai wani zane ya fito yana motsi: reshe ya haifi reshe kamarsa, shi ma ya haifi nasa, ido yana ta nutsewa ciki babu ƙarshe.

Kusa da kujerata Arvid Solberg ke zama, tsohon matuƙin jirgin ruwan dakon tama, wato ɗanyen ƙarfe. Wata rana cikin hunturu ya ce ya gaji, ba zai sake zuwa ba. Duk mun san ma'anar hakan. Mai irin ciwonmu in ya bar wanki, ba ya daɗewa.

"Kyaftin, me muka yi maka?" in ji Marlys. "Kofin da muke dafa muku ne ya yi salam?"

"Kofinku tun fil azal ruwan wanki ne, yarinya." Ya nuna allon da haɓa. "Dubi wancan abin naki. Kullum tafiya, ba ya isa ko'ina. Na yi rayuwata a kan tafki, amma kowace tafiya tana da gaɓa. Wannan da ni duk ɗaya muke."

Marlys ba ta yi masa wa'azi ba. Ta ja kujera, ta buɗe saitin zanen, ta sa tabarau. Ta rage saurin, ya ce yanzu kamar jirgi ya maƙale a ƙanƙara. Ta sauya launi zuwa ruwan toka, ya ce ba a gidan makoki yake ba tukuna. Can ƙasa ta ga inda ake ƙayyade zurfin nutsewar, an bar shi babu iyaka. Ta sa masa iyaka.

Muka zuba ido. Zanen ya shiga, ya shiga, ya lafa a kan wani lanƙwasa mai kama da bakin ruwa, ya tsaya cik. Ya ɗan huta. Sannan ya tashi daga wani wurin dabam.

"Ga tasharka nan," ta ce. "Sauke kaya, ka sake lodi."

Arvid ya daɗe yana kallo. "Wanda ya tsayar da jirgin nan bai iya aiki ba. Ya bugi gaɓa."

"To ka zo jibi ka koya mini."

"Sai na ga dama."

Ran jibin, aka wayi gari da iska mai yanka fuska, motoci suna ta zamewa a gangaren tudu. Kujerarsa na nan babu kowa, Marlys tana ta waiwayen ƙofa. Sai ga shi da sandarsa, hularsa ta yi fari fat da ƙanƙara, yana masifa tun daga waje wai ba a share matakala ba. Ya zauna, ya naɗe hannun riga da kansa, ya miƙa wa nas hannunsa.